Ƙwaryar da Ba Ta Komawa Gida

Duk wanda ya shigo gidan nan sai ya tambaye ni ina bokitin da masu agaji suka ba ni, sai ka ce bokitin ne ya mutu. To yau zan faɗa kowa ya ji, a bar ni in huta da tambaya. Amma sai na faro daga can baya, don wanda bai san zancen ƙwarya ba ba zai gane na bokiti ba.

A Magama aka haife ni, nan bakin iyaka, lokacin da iyakar ba ta wuce wani gungumen icce da ake gicciyewa a hanya ba, da wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, mai gyangyaɗi a gindin bedi. Gonar Baba rabi tana nan rabi tana can. In yana huɗa sai ya fara kunya a Ingilishi ya ƙare ta a Faransa, haka muke kiran ƙasashen biyu a da, kuma ba wanda ya taɓa tsayar da garmarsa ya ce ina takarda. Da asuba ba ƙarar tirela ke tashe mu ba kamar yanzu. Luguden mata ne, turmin wannan gefe yana amsa wa na wancan, sai kukan jakunan fatake masu gangarawa kasuwar Jibiya da kanwa da dabino. Rijiyarmu ɗaya da mutanen ƙetare. Mu 'yan mata mu je da tuluna tun rana ba ta yi zafi ba, mu yi ta ja muna tsegumi, in guganki ya faɗa ciki kowa ya kawo ƙugiyarsa. Kuma a bakin rijiyar nan akwai doka, wadda ta fi kowa nisan gida ita ke fara ja. Ko kin zo tun kiran assalatu, in wata ta iso da ƙura a ƙafa sai ki matsa mata. Haka a wurin wanzami, haka a wurin mai ɗori, haka a bakin akushi. Da an ce "baƙo ne" layi ya buɗe. Inna takan ce baƙonka annabinka, kuma ba da wasa take faɗa ba, na sha rankwashi a kan haka.

Akwai kuma abin da muke yi in cuta mai yaɗuwa ta shiga gida, ƙyanda ce ko sanƙarau. Mai gida zai ɗauko tsohuwar tsintsiya ya rataya a bakin zaure. Shi kenan, an gama sanarwa, ba sai an yi shela ba. Daga ranar ba mai shiga ba mai fita, amma kuma gidan ba zai ɗora tukunya ba, unguwa ce za ta ciyar da shi. Kowane gida zai dama kunun tsamiya, ko ya tafasa ruwa ya jefa ɗan gishiri, a zuba a ƙwarya a kai bakin ƙofa a ajiye, a tafa hannu sau uku, a juya. Ba a sallama, ba a waiwaye, don kada mai ɗauka ya ga fuskarki ya ji nauyin godiya ga shi yana cikin wahala. Ƙwaryar kuwa ta tafi kenan. Wadda ta shiga gidan cuta ba ta komawa gida. In an warke sai a tara su a bayan gari a cinna masu wuta. Saboda haka kowace mace tana da tsofaffin ƙorai da take ajiyewa a saman rumbu don irin wannan rana. Na tuna wata shekara da namu suka ƙare, Inna ta miƙa hannu cikin kayan ɗakin da ake tara mani ta ciro wata sabuwa mai zane, wadda nake ji da ita kamar me. Na turo baki. Ta dube ni ta ce, "Ke, ƙwarya a gona take fitowa. Mutum fa?" Na ɗauka na kai ina ƙunƙuni, na tafa, na juyo.

Ban daɗe da wannan ƙunƙunin ba tsintsiya ta hau ƙofarmu. Shekarar da amai da gudawa ta fara zuwa mana ce, ba mu ma san sunanta ba a lokacin. Ta fara da Baba. Mutumin da ya yi asuba a masallaci da ƙafarsa, kafin la'asar idonsa ya faɗa, kafin wata asubar an kai shi. Sai ƙanena. Sai Inna ta kwanta. Na rage ni kaɗai a tsaye a gidan, budurwar da ba ta san komai ba sai ɗebo ruwa da surfe. Ina jin tafi a ƙofa, sau uku, sau uku, amma na kasa barin Inna in je in ɗauko, in na ɗaga ta nan sai ta zube can. Ran nan da hantsi na ji an tafa, sai kuma na ji abin da ba a yi, takun ƙafa a cikin zaure. Wata doguwar mace ta shigo da ƙwarya a hannu. A bakin rijiya kawai na san ta, matar wani ɗan dako ce, mutanen wani ƙauye ta wajen Maraɗi.

Na ce, "Ke, ba a shiga! Ba ki ga tsintsiya ba?"

Ta ce, "Na gani, ɗiya, ba makauniya ba ce ni. Na kuma ga ƙorai jere a ƙofa ƙuda na bi ba wanda ya taɓa. Ina uwakki?"

Ta ɗaure zaninta a ƙugu ta wanke Inna tas, ta haƙa rami ta binne ƙazantar, ta sa ni tafasa ruwa. Ta zauna ta ɗora kan Inna a cinyarta tana ɗiga mata ruwan gishiri da tsamiya da bakin ludayi. Inna ta amayar, ta sake ɗigawa. Ta amayar, ta sake. Ni ina kuka tana ce mani, "Yi mani shiru, hura wutar can." Ba ta koma gidanta ba, ta bar 'ya'yanta a hannun maƙwabta, har ranar da aka sauke tsintsiya aka kai ƙorai bayan gari. Inna ta tashi. Ta rayu har ta goya 'ya'yana duka. Daga ranar muke kiran matar nan Goggo, kuma ranar da ake ƙona ƙoran Inna ta kama kunnena, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce, "Ko kare ne ya fito daga gidan matar nan, ki shimfiɗa mashi tabarma." Na riƙe. Ko bayan da suka koma ƙauyensu ba biki ba suna da ya wuce mu, zumunta a ƙafa take, mu kuma ƙafafunmu lafiya lau suke a lokacin.

To ku dubi yau. Iyakar da muke tsallakewa da tulu a ka ta zama ƙofar ƙarfe da masu kaki iri-iri, yau a buɗe gobe a rufe, ba wanda ke gaya maka dalili. Mai son ganin uwarsa sai ya bi ta daji kamar ɓarawo. Garin ya cika maƙil da mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Gangara da Kusa, suna kwana a kangaye da rumfunan kasuwa, ruwan sha sai wanda aka samu. Da damina ta zauna sai ga tsohuwar baƙuwarmu ta dawo, yanzu har da sunan boko gare ta, kwalara. Kuma wa zai rataya tsintsiya? Ɓoye mara lafiya ake yi a ƙuryar ɗaki, don kada farar mota ta tsaya a ƙofarka maƙwabta su riƙa nuna ka da baki. Sai masu agaji suka zo suka kafa fararen tantuna kusa da tasha, da manyan durom-durom na ruwa mai warin magani, da lasifika tana ta cewa a wanke hannu. Ba zan yi masu ƙarya ba, ina tsoron Allah. Sun yi aiki. Na ga ɗan maƙwabciyata an shiga da shi a sheme ya fito da ƙafarsa yana neman tuwo. Ƙarin ruwan nan da suke ratayawa, da muna da shi a da, da Baba ya ga aurena. Wannan na yarda. Amma ku tsaya ku ji nawa.

Wata safiya ina shara sai na ga mace ta faɗo gidan ba ko sallama, ƙafafunta duk taɓo da ƙaya. Jikar Goggo ce. Goggo ta daɗe da rasuwa, amma yarinyar nan ni na yi mata wankan jego, ɗiyar da ta haifa kuma sunana aka sa mata. Ita ce a bayanta, 'yar shekara uku, kai ya langaɓe.

Ta ce, "Iya, takwarakki ce. Tun asuba take zubarwa. Likitarmu ta yi nisa, ba mota, aka ce mani nan kusa da ku akwai lokotoro mai ba da magani. Ta daji na biyo."

Na kwance goyon na duba. Idon nan da na gani a fuskar Baba, shi ne. Na ja fatar cikinta ta tsaya ba ta koma ba. Ban tsaya neman takalmi ba, na yafa mayafi muka fita. Allah ya taimake mu layin bai da tsawo. A bakin tanti akwai tebur, wata yarinya na zaune da riga mai tambari da biro a hannu. 'Yar garin nan ce, na san uwarta. Ta ce, "Sannu Mama. Sunanta? Shekararta nawa?" Na faɗa ta rubuta. Da ta zo kan unguwa ba ta ma tambaye ni ba, ta san inda nake, na ga biron ya sauka zai rubuta Magama. Da na yi shiru da shi kenan. Numfashi ɗaya kawai ake so in haɗiye. Amma ina! Tsohuwar da aka rena a bakin rijiya ce ke tsaye. Na ga mutum biyu a gabanmu suna jiran a shiga da su, na ga ɗiyar tana ƙara laushi, sai na yi abin da aka koya mani tun ban san hannun damana ba. Na ɗaga murya, har da ɗan alfahari wallahi, na ce, "Ɗiyata, baƙuwa ce fa. Daga ƙetare suka taho a ƙasa. A taimaka a fara da ita."

Biron ya tsaya.

Ta ce, "Mama, daga Nijar?"

Na ce, "Daga nan bayan gonarmu. Mi ya faru?"

Ta ce, "An ba mu umarni, Mama. Duk wanda ya tsallako sai ya fara zuwa ofishin lafiya na bakin iyaka an ba shi takarda, sannan mu karɓe shi. Gadajen nan na mutanen gefen nan ne aka kawo."

"Takardar mi? Ke, ɗago kanki ki dubi idon yarinyar nan!"

"Ba ni na yi dokar ba, Mama. In na sa ta za a kore ni. Ku je ku dawo, ai ba nisa." Ta miƙo mani ƙullin gishiri da sukari guda biyu, ta ce a dama mata kafin nan.

Na yi magiya, na yi faɗa, na kira sunan uwarta da na kakarta. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai mahaifana da mijina, na sa gwiwa a taɓo gaban yarinyar da na girmi uwarta. Mai gadi ya zo ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, a matsa, akwai mutane a baya." Iska ta ɗaga labulen tantin ina durƙushe, kuma da idona na ga gado ba kowa a kai, ledar ruwa na rataye a samansa tana lilo. Wannan gadon har kabarina zan tafi da shi. Taku goma ne tsakaninsa da takwarata, ko bai kai ba.

Uwar kuwa da ta ji an ambaci bakin iyaka sai ta ja ni gefe ta ce, "Iya, ba ni da kati, ta ɓarauniyar hanya na shigo. Kama ni za su yi, su raba ni da ita." Ban ga laifinta ba, mun ga an yi wa wasu. Na ce ta koma gidana ta dama ƙullin nan ta riƙa ɗiga mata kamar yadda kakarta ta yi wa uwata, ni zan je in karɓo takardar. Na tafi da gwiwoyin nan nawa da ba sa son tafiya. A ofishin aka ce mai hatimi ya fita, in jira. Na jira rana ta take, aka kira azahar, aka idar. Da ya dawo yana sakace haƙori ya ce shi ba ya sa hannu sai ya ga mara lafiya da katin uwarta. Na ce mashi ɗiyar ba za ta kai ba. Ya ce to ya zai yi, haka tsarin yake. Tsari! Kowa ka tambaya sai ya nuna maka sama, kamar daga can dokar ta faɗo ba ɗan Adam ne ya zauna a kujera ya rubuta ta ba. Ita cutar wa ya tambaye ta kati da za ta tsallako? Ƙudan da ke tashi daga can ya sauka nan, a wane ofishi yake tsayawa?

A hanyar komawa na yanke shawara zan goya ta da kaina, in jira a canza mai zaman tebur, in rantse jikata ce ta ciki, Allah ya yafe mani. Na iso gida ana kiran la'asar. Uwar na zaune da kan ɗiyar a cinya da cokali a hannu, zaninta duk ya jiƙe, abin da ta ɗiga duk ya dawo. Na ce ɗora mani ita. Ta ɗora, na ɗaure. Muna cikin zaure, ban kai ga ƙofa ba, na ji ta yi mani wani irin nauyi a baya. Na goya 'ya'ya da jikoki ba adadi, na san nauyin mai barci. Wannan ba shi ba ne. Na tsaya cak. Uwar tana bayana tana cewa, "Iya, mu tahi mana, mi kike jira?"

Kafin magariba maza suka kai ta maƙabartarmu, kusa da Inna. Mai haƙa kabari bai tambayi takarda ba.

Da suka dawo na ɗauko tsohuwar tsintsiya na rataya a bakin zaure da hannuna. Kun san abin da ya biyo baya? Matar maƙwabcina ta leƙo ta katanga, hanci a toshe da gyale, ta ce, "Iya, shanya kika yi a ƙofa? Yara za su ɗauke fa." Ba wanda ya tafa. Unguwar da na ciyar da rabinta da hannuna, ko kofin ruwa ba a ajiye mani ba, kowa ya ja 'ya'yansa ya rufe ƙofa. An bar wa masu farar mota, ai aikinsu ne, ana biyansu. Tir da wannan zamani, na faɗa na ƙara, tir.

Su kuwa masu farar motar washegari da sassafe sai ga su, da na'urar feshi a baya da safar hannu. Suka feshe ɗaki da bayi da zaure. Yarinyar teburin nan tana cikinsu, idonta ya yi ja, ta kasa kallona. Na gani, amma zuciyata ba ta yi sanyi ba, ba zan ce ta yi ba. Ta buɗe takardarta ta ce a hankali, "Mama, tunda a gidan nan ta rasu, a nan za mu rubuta ta. Gidan zai samu bokiti da sabulu da maganin ruwa." Na ga biron ya sauka ya rubuta Magama, tsaf, inda ya ƙi rubutawa jiya.

Na ce, "Au, yanzu ta zama tamu? Jiya tana numfashi ba ku da gadonta, yau tana cikin ƙasa kun samo mata gida."

Wani saurayi a cikinsu ya fito da waya ya ce ko zan riƙe bokitin ya ɗauki hoto. Kallon da na yi mashi ya sa ya mayar da ita aljihu. Suka ajiye bokitin a tsakar gida suka fita. Ihu bayan hari.

Kada ku ce ban san nawa laifin ba. Na sani, shi ke hana ni cin abinci. Baki shi ke yanka wuya, kuma bakina ne. Amma ku gaya mani, wace irin duniya ce wannan da sai ka yi ƙarya za a ceci ɗanka, in ka girmama baƙo ka kashe shi? Abin da Inna ta koya mani da rankwashi, shi na miƙa masu hannu biyu suka mare ni da shi. Jikar Goggo ta kwana uku ta ce za ta koma. Na raka ta har bakin daji. Ta ɗaura zanin goyon a ƙugu ba kowa a ciki. Na so ta zage ni, wallahi na so. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Iya, ki daina, kwananta ne ya ƙare. Kin yi iyakar yinki." Kakarta ta shigo gidanmu ta ba ni uwa, ni abin da na mayar wa gidansu kenan.

Da na dawo daga rakiya na jiƙa tsamiya, na dama kunu mai yawa kamar na suna. Na wanke bokitin nan nasu na cika shi, na rufe da faifai, na ɗora a ka. Na bi ta tsakiyar tasha mutane na kallona, har bakin tantin. Akwai marasa lafiya a ciki, kunun haƙƙinsu ne, amma Allah ya sani ba su kaɗai nake nufi ba. Na sauke a gaban teburin, na tafa hannu sau uku, na juya.

Mai gadi ya ce, "Hajiya, na wane ne?"

Ban amsa ba, ba a amsawa.

Ya biyo ni yana kira, "Hajiya! Bokitinki fa? In an juye a kawo maki?"

Ban waiwaya ba. Na ce, "Wanda ya shiga gidan cuta ba ya komawa gida."

To kun ji inda bokiti yake. Tsintsiyar kuma tana nan a bakin zaure, ban sauke ba, kada wanda ya taɓa mani ita.